Wanki da Gugar Hotunan Inna

Na daɗe ina aski a layinmu, kawuna iri-iri sun bi ta hannuna, amma ban taɓa riƙe kan da ya kai na Danna-Ɗaya girma da rashin kaya a ciki ba. Ƙanin matar mai hoto ne, maƙwabcina da muke bango ɗaya. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Ko me ya lalace a duniya, daga rediyo har auren da ya mutu, in ka faɗa a gabansa sai ya kaɗa yatsa ya ce, "Wannan? Danna ɗaya kawai!" A cewarsa ya yi aiki a wani babban kamfanin kwamfuta, har manyan wurin suna miƙe masa in ya shigo. Wani direba da ya san shi a can ya ce aikin kam ya yi, shi ne mai sauke kwalayen daga mota. Ranar da na tuna masa, ko kunya bai ji ba, ya ce to a cikinmu wa ya fi shi sanin nauyin kwamfuta?

A ƙarshen layin akwai mai walda, wani ƙato da in ya shigo aski sai na hau kan benci kafin in ga tsakiyar kansa. Duk girman nan nasa shi ne autan uwarsa, tsohuwar da kowa ke kira Inna. Ita Inna tun da take ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. In an matsa mata sai ta ce, "Mai son ganina ya san hanyar gidana." To a makon da ya gabaci ranar da abin ya faru, 'ya'yanta da jikokinta na nesa da na kusa suka haɗu gaba ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba. Suka yi ta roƙo har ta gaji ta zauna, mai hoto ya ɗauka, washegari kowa ya kama gabansa. Hotunan suna cikin kwamfutar shagon mai hoto, kuma ranar da nake ba ku labari da yamma ne mai walda zai zo karɓa.

Sai ga mai hoto ya wayi gari da ciwon haƙori, kunci ɗaya ya kumbura ya yi suntum. Matarsa ta turo ƙaninta ya tsare shago. Ina share ƙofata na ji yana masa kashedi.

"Ka zauna kawai. Kada ka taɓa komai. In na dawo daga wurin likitan haƙori zan wanke hotunan Inna kafin mai walda ya zo."

"Haba Yaya, ni za ka yi wa bayanin kwamfuta?"

"Ba bayani nake maka ba. Cewa na yi kada ka taɓa."

"Je ka abinka, Allah ya sawwaƙe. Da ma ka bari na duba haƙorin."

Mai hoto bai gama shan kwana ba, Danna-Ɗaya ya yage murfin kwali, ya rubuta da manyan baƙaƙe: ASIBITIN KWAMFUTA, BABBAN LIKITA YANA CIKI. Ya rataye a ƙofa, ya ja da baya yana kallo, hannu a ƙugu.

Anti mai ɗinki, wadda shagonta ke ɗaya gefen, ta tsayar da kekenta ta leƙo. Ta karanta, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "To shi likitan yaushe zai iso?"

"Ki yi dariyarki, Anti. Yau zan wanke hotunan nan kafin Yaya ya dawo. In ya gani da idonsa, da kansa zai raba shagon nan biyu ya ba ni rabi. Daga nan sai in ɗauki ma'aikata, in buɗe reshe. Kai ma mai aski zan haɗa maka kwamfutar da za ta riƙa yin askin, kai kana kwance."

Na ce, "A kan wa za a gwada?"

Ya ce jahilci ne ke damuna, ya shige ciki. Ni kuwa da ma ba ni da kowa a kujera, sai na bi shi, Anti ma ta biyo da tef ɗinta na awo a wuya. Karambanin akuya gai da kura, ai ba a bari a ba ka labari.

Kwamfutar a kunne take, barci kawai ta yi. Gwiwarsa ta bugi tebur garin zama, allon ya kawo haske. Ya waiwayo ya ce, "Kun gani? Ta san hannu." Ya kama ɗan abin nan mai wutsiya da ake ce wa ɓera, ya kai kibiya kan jakar da mai hoto ya tara hotunan Inna, ya danna. Ita kuwa kwamfutar tsohuwa ce, sai ta yi nazari kafin ta amsa, mai ita ya saba ba ta lokaci. Danna-Ɗaya bai san da wannan ba. Ya sake dannawa. Shiru. Ya shiga dannawa ba ƙaƙƙautawa, yatsa ɗaya ya gaji ya sauya wani.

Can sai ta tuna da duk abin da aka ce ta yi, ta yi shi lokaci guda. Hotuna suka riƙa buɗewa wani kan wani, Inna a sama, Inna a ƙasa, Inna a gefe, kowace ta ɗaure fuska tana hararar duniya. Allon ya cika maƙil, sannan komai ya ƙame. Kibiya ta ƙi motsi, fankar cikin akwatin ta kama gurnani.

"Me ya same ta?" in ji Anti.

"Ninka su na yi, don kowane jika ya samu nasa." Ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya girgiza kai irin na masu asibiti. "Zazzaɓi ne. Yaya ya bar ta ba kulawa. Mai aski, jiƙo mini tawul."

"Tawul ɗina na kawunan mutane ne."

Da ya rasa tawul sai ya ɗaka mata duka a gefe. Ba ta kula shi ba. Ya ce to tausa take so, ya baje hannu biyu a kan maɓallan rubutu ya shiga murzawa daga wannan gefe zuwa wancan. Allon ya yi baƙi ƙirin, ya dawo, sai ga komai ya juye. Inna da 'ya'yanta da jikokinta duk suna rataye kai a ƙasa kamar jemagu.

Anti ta dafe ƙirji. "Ka kifar da tsohuwar mutane!"

"Tsarin ƙasashen waje ne. Su can a ƙarƙashin duniya suke, haka suke kallon nasu."

"To mu da muke sama fa?"

Ya ce a yi masa shiru yana aiki. Kibiyar ta farfaɗo, amma ta zama 'yar tawaye: ya tura sama ta yi ƙasa, ya ja dama ta gudu hagu. Ya yi ta kokawa da ita har ya gano dabara, ya juya ɓeran, wutsiya ta kalli cikinsa. Kibiya ta daidaita, sai dai wurin dannawar ya koma ƙarƙashin tafin hannunsa, kuma har yanzu sai ya karkace wuya kafin ya ga abin da yake yi. Wuya ya gaji. Ya miƙe, ya rungumi allon, ya kifa shi, ya jingina da bango ƙafarsa a sama, ya tokare da kwalbar ruwa. Inna ta miƙe zaune. Ya tafa wa kansa, ya kama ɓera, kibiya ta sake bijirewa, don ya manta shi ma a juye yake.

Ana cikin haka wani ya shigo aski, na koma shago. Na gama gefe ɗaya na kansa ke nan sai muka ji muryar mace daga shagon mai hoto, tana zuba Turanci ba numfashi. Mutumin ya ce shi fa sai ya gani, ya fita da mayafin askina a wuya, rabin kai fes rabin kai daji. Ashe garin tausa ta biyu Danna-Ɗaya ya taso muryar nan da ke karanta wa marasa gani abin da ke kan allo. Duk inda kibiya ta taɓa sai ta faɗi sunansa. Shi kansa ya tsorata, don mun same shi a bakin ƙofa takalmi ɗaya a ƙafa. Da ya ga jama'a sai ya gyara riga ya koma ya zauna.

"Sakatariyar kamfani ce," in ji shi. "Ta gane ni ne." Ya matsa bakinsa kusa da allon. "Yas madam, ni ne. Ya aiki? Ya manyan?"

Muryar ta ci gaba da abinta.

"Me ta ce?" in ji mai rabin kai.

"Tana gaishe ku. Ta ce a rage cunkoso."

Anti ta ce, "Ni kuwa ji na yi tana ta maimaita sunan wani maɓalli."

"Sunan da suke kirana da shi ke nan a can."

Rana ta raba, ta fara karkata. Danna-Ɗaya ya jiƙe da gumi, sakatariya ba ta yi shiru ba, kuma har lokacin bai gano ta inda ake wanke hoto ba. Ya buɗe abin lissafi, ya buɗe kalanda, ya buɗe wasan karta har ya ɗan taɓa. Tambaya kuwa a wurinsa abin kunya ce, gara ya mutu. Sai ya fito ƙofa ya ƙwala wa mai gyaran waya na tsallaken titi kira.

"Kai mai waya! Bari in gwada iliminka. In na'ura ta rikice, tana surutu, kanta a ƙasa, me ake mata?"

Mai waya yana sunkuye a kan aikinsa, bai san da zancen wasu hotuna ba, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Wanke ta ake yi tas, ta dawo sabuwa."

"Ka ci! To in ka cika gwani, a ina ake samun wankin?"

"Cikin saiti, can ƙasa."

"Ka yi ƙoƙari. Ka ci gaba da karatu."

Ya juyo idonsa na ƙyalli. Yaya ya ce wanki, mai waya ya ce wanki, abin nema ya samu. Na ce masa, "Ni dai in mai hoto zai wanke hoto, takarda nake gani yana sa wa wancan injin na lungu mai lulluɓi, hoton ya fito ta gabansa."

"Wannan tsohon yayi ne. Je ka ƙarasa wa bawan Allah kansa, yara sun fara binsa."

Na ja mutumina na ƙarasa masa. Kafin in dawo ya lalubo wurin, sai dai ya ci karo da rubutu mai yawa, shi kuwa Turancinsa na baki ne, bai sauko ido ba tukuna. Ya ce wa Anti ya manto tabaraunsa a kamfani, ta zo ta karanta masa. Ta sunkuya tana bin layin da yatsa.

"Ta ce, a bar maka kayanka, ko a cire komai?"

"Komai. Ni ba na wankin rabi."

"Ta ce, na sama-sama, ko mai zurfi wanda zai daɗe?"

"Mai zurfi. Fuskar tsohuwa ce, sai an cuɗa."

"Ta ce, ka tabbata?"

Danna-Ɗaya ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Ni? Ni take tambaya ko na tabbata? Ni da na ɗauki kakanninta a kaina?" Ya danna. Ta sake kawo wani rubutun.

Anti ta ɗago. Ta ce, "Tsaya. Kalmar nan ta tsakiya, mu dai a makaranta gogewa aka ce mana."

"To da me ake yi bayan wanki? Ke da kike tela ba ki san guga ba? In kin wanke riga haka kike miƙa wa mai ita a yamutse?"

Gaskiya sai da maganar ta shige ni, har na gyaɗa kai. Anti ta ce ita dai ba ruwanta. Shi kuwa ya naɗe hannun riga, ya dubi jama'ar da ke ƙofa, ya ce, "Kowa ya iya allonsa ya wanke." Ya danna.

Muryar ta ɗauke ɗif. Allon ya mutu, ya dawo shuɗi, wasu ɗigo-ɗigo suna zagaye, lamba tana hawa a hankali. Rubutun ya sake komawa kai a ƙasa, amma ya ce haka ake so, don ruwan ya tsiyaye. Ya shiga shagona ba sallama ya ɗauko farin tawul, ya shimfiɗa a gaban akwatin daidai wata 'yar tsaga, ya ce kowa ya matsa, ta nan za su fito kuma da zafinsu. Labari ya zaga layi cewa ana wankin zamani a shagon mai hoto. Masu wucewa suka tsaya, mai faci ya bar taya a ruwa ya zo, har da masu leƙe ta taga. Danna-Ɗaya yana ta kai da kawo yana bayani, ya ce wanda ke da kwamfuta mara lafiya a gida ya kawo gobe da sassafe, kafin layi ya yi tsawo.

Da yamma jama'a suka dare, sai ga mai walda. A kafaɗarsa akwai firam na ƙarfe da ya ƙera da hannunsa, ya yi masa furanni a kusurwa, ya shafa fenti ruwan zinari. A bayansa Inna ce tafe da sandarta.

"Na zo in ga abin da aka mai da ni," in ji ta.

Na kawo mata kujera. Ta zauna, ta ƙare wa shagon kallo, ta tsayar da ido kan Danna-Ɗaya. "Kai kuma daga ina? Ina mai shagon?"

"Ya je asibiti, Inna. Ni ne babban likita."

"Likita yana nan, mara lafiya ya tafi wani wuri? To ita wannan talabijin me ta yi aka ɗaga mata ƙafa sama?"

"Shanya ce, Inna. Hotunanki ne a ciki, na wanke, yanzu ana guga."

"Allah ya sa kada ka ƙona ni."

Mai walda ya yi dariya, ya jingina firam ɗinsa a hankali, yana ta leƙen tawul. Murna fal a fuskarsa, irin ta yaron da aka ce a jira a ba shi tsaraba.

Daidai nan mai hoto ya dawo, auduga cike da baki. Ya ga kwali a ƙofarsa, ya ga taro, ya kutsa ya ga allonsa ƙafa a sama. Ya yi wani sauti da ba kalma ba ce. Lambar kuwa ta cika, allon ya yi haske, ya kawo gaisuwa.

"Ta gama!" in ji Danna-Ɗaya. "A matsa! A matsa!"

Kowa ya zuba wa tawul ido. Ba abin da ya fito.

Mai hoto ya ture shi, ya mayar da allon kan ƙafarsa. Kwamfutar da ta shekara da shekaru a hannunsa ta shiga tambayarsa wace ƙasa yake, wane harshe yake ji, mene ne sunansa. Ya yi ta amsawa har ta buɗe. Fili fetal. Ba jaka, ba hoto, sai ɗan kwandon shara a lungu. Ya buɗe kwandon, shi ma wayam. Ya tofar da audugar.

"Me ka yi?"

"Na wanke, na goge. Ninkewa ce kawai ta rage."

"Ina hotunan?"

"Suna tafe. Wataƙila ba su gama bushewa ba."

"Wanke hoto na ce! A fitar da shi a takarda! Wa ya ce ka wanke kwamfuta?"

"To ai a cikinta suke, Yaya. In tufa tana cikin bokiti, ina ake zuba ruwan?"

Mai waya, da ya tsallako kallo, ya ji haka ya sulale ya koma rumfarsa. Anti ta ce, "Garin gyaran gira an rasa ido." Mai hoto ya dafe kuncinsa ya zauna a ƙasa, sai kuma ya zabura. "Memori! Ban goge na kyamara ba, suna nan!" Ya fizgo kyamara daga ƙusa, ya buɗe gefenta. Ramin ba komai.

Danna-Ɗaya ya sa hannu a aljihu, ya fito da ɗan katin a tafin hannu, yana murmushin wanda ya yi abin kirki a ɓoye. "Kwantar da hankalinka. Shi na fara wankewa don gwaji, tun yana cikin kyamarar, sannan na cire don kada ya sake datti. Ita ma sai da ta tambaye ni ko na tabbata. Duk kayan shagon nan ba su da tarbiyya."

Mai hoto ya mayar da katin ya duba, ya juya wa mai walda kyamarar, ba hoto ko ɗaya a ciki. Mai walda ya tako, ya kama wuyan rigar Danna-Ɗaya da hannu ɗaya, ya ɗaga shi har ƙafafunsa suna lilo. Na fara tunanin wa zai je ya gaya wa yayarsa.

Sai muka ji dariya. Inna ce, tana yi tana buga sanda a ƙasa, har tari ya sarƙe ta.

"Sauke shi, Auta! Sauke mini ɗan albarka! Na ce ba na so, na ce ba na so, kuka taru kuka danne ni a kujera, kuka ce in yi murmushi kamar wata sakarya. Ga shi Allah ya aiko wanda ya share mini hawaye. Yaro, Allah ya yi maka albarka. Duk layin nan kai kaɗai ka san aikinka."

Danna-Ɗaya yana sama, murya a shaƙe, ya ce, "Kun ji ko? Mai kaya ta yaba."

Taron ya fashe da dariya, har da ni. Mai walda ne kaɗai bai yi ba. Ya dire shi, ya fita ya zauna a dokin ƙofa, ya jawo firam ɗinsa ya ɗora a cinya yana kallon ramin tsakiyarsa. Da ya yi magana, a hankali ya yi, amma kowa ya ji.

"Inna, Baba ma haka ya ce, mai son ganinsa ya zo gida. Ina rarrafe ya rasu. Yayyena in sun rufe ido suna ganinsa. Ni in na rufe nawa, hularsa kawai nake gani, ita ma don kin ajiye ta ne. Ban san hancinsa ba, ban san ko ina kama da shi ba. Ba don bango nake son hotonki ba."

Wallahi tausayi ya kama ni, na ji kunyar dariyar da na yi. Anti ta sa gefen mayafi a ido. Inna ta daɗe tana kallon ƙeyar ɗanta. Can ta dogara sanda ta miƙe.

"Hancinka ne sak, har da taurin kan," in ji ta. "Kai mai kumburarren kunci, abin naka yana ɗauka ko shi ma an wanke masa ido?"

"Yana ɗauka, Inna."

"To ja labulenka."

Mai walda ya ce, "Sauran duk sun tafi, Inna."

"Su suka sani. Kai ne kake nan. Taso ka tsaya a bayana, kuma ka goge fuskar nan, ƙato da kai."

Ta zauna a gaban labulen, ta haɗe rai kamar yadda ta yi a wancan makon. Mai hoto ya durƙusa yana saiti. Danna-Ɗaya kuwa, da ya ga guguwa ta wuce, sai ya lallaɓo ta gefe, ya ce hasken fitilar nan bai daidaita ba, ya miƙa hannu. Inna ta hango shi ta wutsiyar ido. Ta ɗaga sanda ta daka masa tsawa, "Kai! Taɓa ka gani!" Mai hoto ya firgita, yatsansa ya danna.

Ni da Anti muka fitar da Danna-Ɗaya waje muka tsare ƙofa. Mai hoto ya yaye lulluɓin injin lungu, ya sa katin a jikinsa, ya sa takarda, hoton ya fito a gaban kowa. Ga Inna baki buɗe, sanda a sama, ido a gefe, ɗankwali ya zame. Ga mai walda a bayanta yana dariya da jajayen idanu. Mai hoto ya ce wannan ya lalace, a bari ya sake. Mai walda ya karɓe, ya riƙe da hannu biyu.

"Ba za a sake ba. Ta wancan makon baƙuwa ce, ta yi shiru. Wannan ce uwata."

Hoton yana nan a garejinsa cikin firam ɗin ƙarfe, sama da inda tartsatsi ke kaiwa. Mai hoto ya sa wa kwamfutarsa kalmar sirri, ya kuma gaya wa matarsa ko haƙoransa duka za a cire, gara ya rufe shago. Danna-Ɗaya kuwa har gobe in ya zauna a kujerata sai ya ce wa masu jiran layi su je su gani, yana cikin hoton. In suka dawo suka ce ba su gan shi ba, sai ya ce su duba inda Inna take kallo, yana nan tsaye, firam ɗin ne bai kai ba.